Ranar da na wanke injin jirgin kawuna a Gidimuni

Ni aikina gyaran babur da injin ban ruwa a Zango, cikin Damagaram, jirgin ruwa kam ban taɓa sa masa hannu ba sai da kawuna ya kira ni daga Gidimuni, wai injin da yake maƙala wa jirginsa na kamun kifi ya yi baƙi ƙirin, cikin jirgin ma santsi har ƙaramin ɗansa ya zame ya fasa leɓe. Na ɗauki degiresan, wato maganin wanke maiƙon inji, lita guda da burushi da tsummokara da buhun dusar katako, na hau mota hanyar Mirya.

Da na isa na tarar ya riga ya tanadi esansi, wato fetur, a kwano wai da shi za mu wanke. Na ce Kawu don Allah a bari, tururin esansi ya fi iska nauyi, ƙasan jirgi yake kwantawa, wani ya kyasta ashana shi kenan. Ga shi jirgin katako ne an toshe tsagoginsa da kwalta, esansi kuwa narkar da kwalta yake. Ya ce to ɗana kai ka san aikinka.

Muka jawo jirgin tudu nesa da ruwa. Injin Yamaha ne ƙarami, irin wanda ake haɗa masa mai da esansi. Na bari ya huce, na cire murfi, na ɗaure bakin karburato da wayoyin wuta da leda, na fesa maganin ina bi da burushi. A nan na yi kuskure, aka kira sallar azahar na tafi na bar shi a rana, kafin in dawo maganin ya bushe a jikin alminiyom ya bar farin tabo wanda har yau bai fita ba. Maganin nan minti 5 zuwa 10 ya ishe shi, a inuwa, sai a ɗauraye. Kuma duk giris ɗin da ke wajen totur ya cinye shi, sai da na sake shafawa.

Amma fa wankin ya biya, da jikin ya fito fes sai ga tiyon mai ya tsage wajen ƙulli, ashe shi ke ɗiga cikin jirgin wata da watanni, datti ya rufe ba a gani. Muka yanke wurin muka sake ɗaurewa.

Cikin jirgin shi ya fi ba mu wahala. Ban fara da ruwa ba, dusar katako na barbaɗa ta tsotse man, muka kwashe da shebur, sannan omo da ruwa kaɗan da burushi, wajen tsagogi a hankali. Ruwan wankin Kawu ya ce a karkata jirgin ya gangara tafki, a nan kam na ƙi, raina har ya ɓaci. Omo ba ya kashe mai, farfasa shi yake ya bi ruwa ido bai gani, ruwan nan kuwa shi kifin da yake saidawa ke ciki, shanu na sha, masu lambun rake da albasa na bakinsa. Da gwangwani da tsumma muka kwashe cikin bido biyu na lita 25, na taho da su gareji inda muke tara baƙin mai.

Da za mu gwada, na tsoma ƙafar injin cikin tano, wato ganga, cike da ruwa, don in ka tada shi a busashe robar famfon da ke sanyaya shi ƙonewa take nan da nan. Ya ƙi tashi, ja biyar ja shida, ashe ruwa ya shiga hular buji. Na goge na busar, ja ɗaya ya kama, ruwa na tsartowa ta bayansa yadda ya kamata. Kawu ya cika mini leda da busasshen kifi, ya ce bayan damina in dawo mu duba man farfela.