Injin samfefa mai bel da faifai, da yadda muke shawo kan rigimarsa a shagonmu

Shekaranjiya da la'asar wani yaro ya turo injin samfefar shagonsu a baro har wajenmu nan Ƙofar Marusa, wai ogansa ya ce in duba mashi kafin a kai wa mai riwaya, wato mai sake naɗa wayar koyil ɗin motar inji, don in an kunna sai gurnani kawai yake yi baya juyawa, sun yanke cewa koyil ya ƙone. Na sansana motar injin babu warin ƙuna, na jona na ɗan tura faifan da guntun katako, nan take ya ɗauka. Na ce mashi "Ɗan samari koma ka ce wa oga kafasita ce, wadda ke ba motar ƙarfin tashi, ya cire tsohuwar ya tafi da ita a ba shi mai lamba iri ɗaya." Da sun kai riwaya da an farke lafiyayyen koyil a banza, kuma wanda aka sake naɗawa da wuya ya kai na kamfani ƙarko.

Ni kafinta ne, sama da shekara 20 ina harkar gado da wadirof da kujerun falo, kuma duk wanda ya taɓa shafa kan gadon da ya fita daga shagonmu ya san santsin daban ne. Wannan santsin kuwa daga injin nan yake farawa, bel mai inci 4 a faɗi da 36 a zagaye, da faifai mai inci 6 a gefe. Ƙarami ne amma rigimarsa ba kaɗan ba.

Babbar matsalarsa bel ya riƙa zamewa gefe guda yana cin jikin inji har bakinsa ya zare. Akwai ɗan noti kusa da rolar gaba, shi ke karkata ta, to yara sai su kama shi su yi ta murɗawa kamar famfo, bel ya gudu daga hagu ya koma dama. Maigidana da ya koya mani aiki, Allah ya jiƙansa da rahama, sai ya kashe injin ya sa ni juya bel ɗin da hannu ina kallon inda yake nufa, in murɗa notin kwata ɗaya kacal in sake juyawa, sai ya zauna tsakiya sannan a kunna. Ranar farko na fi rabin awa a tsaye shi kuma yana zaune kan benci yana jan carbi bai ce mani uffan ba, da ya ga ya daidaita ya ce "To yanzu ka fara zama kafinta." Har gobe haka nake koya wa yarana. In an yi duk wannan bai zauna ba, a duba rolar, don asalinta tana da ɗan tudu a tsakiya wanda shi ke riƙe bel, idan ta cinye ta miƙe ko dusar katako ta daskare a kanta ba zai taɓa tsayawa ba. A kankare ta tas, a zagaya salatif biyu ko uku a tsakiyar, yana kai mutum kafin ya samu sabuwa.

Sai dai gaskiya rabin wahalar nan masu sayar da bel ne ke jawo mana ita. Za a kawo maka kwali mai kyau da rubutu, ka sa a inji ko minti goma bai yi ba mahaɗin ya ɓalle ya zabge ka a hannu. Wani an yanka shi a karkace, ko shekara za ka yi kana saiti ba zai miƙe ba. Wani kuma ya daɗe a rumfar kwano cikin zafin Afrilu gam ɗin mahaɗin ya bushe. An taɓa haɗa ni da guda goma ana saura kwana huɗu a zo ɗaukar kayan ɗakin amarya, bakwai suka tsinke, na mayar mai kayan ya ce injina ne ke da matsala. Tun daga nan sai na lanƙwasa mahaɗin a gaban mai shago kafin in biya, kuma in duba kibiyar da ke bayan bel ɗin, don mai mahaɗi ɗaya kan ɗaya in ka sa shi a juye kai ka tsinka shi da hannunka.

Faifai kuwa in ya fara rawa galibi ƙaramin sukurun da ke riƙe shi jikin shaf ne ya saki, alanki, ɗan makullin nan mai kusurwa shida, kawai yake so. In ƙara ce kamar ana niƙa tsakuwa to boris ne, ƙurar hunturu da garin katako sun shige shi, a canza. Teburin da ke gaban faifan kullum da safe ina ɗora sikwaya in tabbatar digiri 90 yake, tazararsa da faifan kar ta wuce milimita 2, kuma a goga a ɓangaren da faifan ke gangarowa ƙasa, ɗaya ɓangaren fizge katako yake ya wurgo maka a fuska.

Masu kukan inji na ƙona masu katako, musamman madaci da yake nuna baƙin tabo, dannawa suke da ƙarfi ko kuma sun fara da samfefa mai laushi lamba 120 alhali aikin mai kaushi lamba 60 ko 80 ne. In samfefar ta toshe da danƙon ice ba mutuwa ta yi ba, ni tsohon tafin takalmi na roba nake dannawa a kai injin na gudu, sai ka ga yashinta ya fito fes. Kuma in wuta ta zo rabi a kashe a tada janareta, don rabin wutar nan ce ke ƙona koyil na gaske. Wanda ya sayi injin samfefa na gwanjo ɗan Amurka ya karanta jikin motar, nasu 110 zuwa 120 ne namu 230, sai da taransifoma.

Abin da ke ci mani rai, bayan duk wannan mutum zai zo ya shafa gado ya yaba sannan ya ce ai can gaba ya ga irinsa rabin kuɗi. Wancan fa ba a goge shi ba, fenti aka lafta a kan kaushi, damina ɗaya zai fara ɓarewa. Wata Hajiya daga Sabuwar Unguwa ta yi ta ja da ni a kan kuɗin wadirof, na ce "Hajiya don Allah sa hannunki ta ciki, can bayan durowa inda ba mai gani." Ta shafa ta yi shiru, washegari ta aiko ɗanta da kafin alƙalami, yanzu haka ƙofofin wadirof ɗin ne a kan injin.