Ranar da aka ce min za a sa 'yata a gwajin magani

Wallahi da likitar ta furta kalmar gwaji sai da cikina ya ɗuri ruwa. Ni 'yar Kano ce, na tashi ina jin labarin gwajin maganin Trovan na 1996 lokacin annobar sanƙarau, yara kusan 200 aka yi wa gwajin nan, 11 suka rasu wasu suka nakasa, to yanzu kuma a Ingila inda ko shekara biyu ban cika ba a ce in miƙa tawa 'yar?

Tun muna gida take kashin jini, kowa da abin da yake faɗa, wannan ya ce atuni ne wancan ya ce basir, Flagyl kuwa ta sha har ba adadi. Sai da muka zo nan aka auna kashinta, aka zura mata kyamara a hanji, sannan muka ji sunan ciwon, alsaretif kolaitis, wato garkuwar jikinta ce da kanta take cinye bangon babban hanjinta har ya yi gyambo. Yarinya 'yar shekara 11, cikin dare ta tashi bayi sau biyar sau shida ga sanyin Disamba, ni ina tsaye bakin ƙofa da bargo a hannu, gobe kuma ina da aiki da asuba. Maganin mesalazin bai riƙe ta ba. Maganin firednisolon ya tsayar da jinin amma fuskarta ta kumbura har ta daina yarda a ɗauke ta hoto a tura wa Hajiya. Aka koma ƙarin ruwan infiliksimab duk sati 8, ya yi wata bakwai yana aiki sannan ya daina.

Da na ba nas ɗin asibitin labarin Kano ba ta katse ni ba, ta saurara har ƙarshe. Ta ce yawanci maganin ciwon nan manya ake fara ba, yara su yi ta jira, wani magani ma, adalimumab, a Amurka tun 2012 aka amince wa manya amma yara sai 2021, kafin nan likitoci kan ba yara ne da lissafin manya. Ta ba ni takardu na tafi da su gida, ta ce duk ranar da muka ga dama mu fita daga gwajin kuma ba abin da zai taɓa kulawar da NHS, hukumar lafiyar ƙasar, take mata. Abin da ya fi tsaya min a rai, ita ma yarinyar an ba ta tata takardar da hotuna, sai ta yarda da kanta.

Hajiya a waya cewa ta yi kar ki kuskura. Abbansu ya ce mu yi istihara. Sati biyu na yi ina rubuta tambayoyi a bayan ambulan ɗin kuɗin wuta, guda 14, na je na yi su duka ɗaya bayan ɗaya. Da muka fito muna jiran bas ta ja min mayafi ta ce Umma ni dai ina so in kwana har safe ban tashi ba. Ran Talata muka koma, ita ta fara sa hannu.