Hayar kwana-kwana: abin da nake gani daga cikin sana'ar

Aikina kula da gidajen da ake bayarwa hayar kwana, irin wanda mutum zai yi bukin ta Airbnb ko Booking.com ya kwana biyu ko sati ya ƙara gaba. Gidajen ba nawa ba ne, ni dai nake ɗaukar hoto in saka a manhaja, in amsa saƙon baƙo ko da tsakar dare ne, in tura masu shara da wankin zannuwa tsakanin fitar wannan da shigar wancan, ƙarshen wata in cire kamashona in tura wa mai gida nasa. Ƙaramin kamfani ne, mu kaɗan ne.

To maganar da ake ta yi cewa mu ne muke sa haya tana tsada, wasu abokan sana'a da sun ji sai su hau faɗa, ni kam gaskiya ba na musu gaba ɗaya saboda ni ake kira. Mai gida zai bugo ya ce ɗan hayansa kuɗinsa ya kusa ƙarewa, ba zai sabunta masa ba, in zo in duba falon a zuba kujeru da AC a mayar da shi na kwana. Kowane irin wannan kira iyali ɗaya ne za su fita neman wani wuri, a unguwar da dama gidajen ba su isa ba. Kuma lissafin masu gidan yawanci a gurguje ne, sai mutum ya ɗauki kuɗin dare ɗaya ya ninka da 30 ya ce ai ya fi haya nesa ba kusa ba, ya manta da dararen da ɗakin zai kwana ba kowa, da kason manhaja, da wuta da intanet da wanki, da baƙon da zai fasa maka talabijin ya kuma ba ka makin tauraro biyu kacal a manhaja.

Amma fa ba duka muka zama ɗaya ba, kuma nan ne nake ganin doka take yawan kuskure. Matar da take da ɗaki ɗaya a gidan da take zaune tana bayarwa don ta samu na biyan kuɗin makaranta, ba ta raba kowa da muhalli ba. Wanda ya sayi bene guda ya mayar da shi otal ba tare da lasisin otal ba, wannan shi ne matsalar. New York ta bi wannan bambancin ne tun Satumban 2023: haya ƙasa da kwana 30 sai ka yi rajista, sai kana cikin gidan tare da baƙin, kuma kada su wuce biyu. Tallace-tallacen gidajen kwana a manhajoji sun ragu sosai, amma haya ba ta sauko yadda aka zata ba, don ƙarancin gini na nan. Barcelona kuma ta ɗauki mataki mai zafi, magajin garinta Jaume Collboni ya sanar a 2024 cewa lasisi wajen 10,000 na gidajen 'yan yawon buɗe ido za su ƙare zuwa Nuwamban 2028.

Sai masu ƙayyade yawan dararen da za a iya ba da gida hayar kwana. Landan 90 a shekara, Amsterdam ta sauke zuwa 30 a 2019, Japan 180 tun dokar 2018. A takarda abin yana da kyau, amma duk wanda yake cikin harkar nan ya san yadda ake zagaye shi, in kwanakinka sun cika a wannan manhaja sai ka koma waccan, ko ka sake hotuna da suna, ko kwastoman da ya taɓa zuwa ya kira ka kai tsaye ba wanda ya ƙirga. Hukuma in ba ta ganin bayanan manhajojin duka wuri ɗaya to aikin banza take, shi ya sa dokar da Tarayyar Turai ta yi a 2024, wadda ta tilasta wa manhajoji miƙa bayanan bukin ga hukumomi bisa lambar rajista, ta fi burge ni a kan duk wata ƙayyade darare.

Ni rajista ba ta tsorata ni, har ma ina so, don wanda yake kashe mana kasuwa shi ne mai karya farashi saboda ba ya biyan haraji, babu abin kashe gobara a gidansa, maƙwabta in an dame su da kiɗa ba su san wa za su kira ba. Abin da nake roƙo kawai a yi fom ɗin da ɗan Adam zai iya cikewa, kada a yi wanda sai mai lauya da akanta. In aka yi mai wahalar mu ƙanana ne za mu fita, manyan kamfanoni masu gidaje ɗari-ɗari su zauna abinsu.