Ba uban ne ke yi wa yaron wanka ba

Da aurena ya mutu, kawuna da yayan baban yaran suka zauna suka tsara komai. Riƙon yara a hannuna, kamar yadda mazhabar Malikiyya ta ba uwa, ciyarwa da kuɗin makaranta a kansa, hutu kuma su je wurinsa a Bukuru. Tunda Jos ce, har dokar hana fita aka yi maganarta: wanda yaran ke hannunsa ya riƙe su sai gari ya lafa.

Sikilar autana ce ta ci mu. Babansa ya san ciwon sarai, AS ne kamar ni, wato yana ɗauke da ƙwayar gadon sikila amma ba ya ciwon, tare muka sha kwana a asibiti, shi ya sa ba wanda ya tayar da zancen a zaman. To amma shi da asuba ya fice kasuwa, sai bayan isha'i. Mai wanka da ba da abinci amaryarsa ce, kuma iyakar abin da ya gaya mata shi ne yaron "ba shi da ƙwari".

Hutun Disamba ne, kun dai san hunturun garin nan. Ta yi masa wanka da sassafe a tsakar gida tare da sauran yara, ruwan ko ɗumi bai yi ba. Magungunansa na kullum, Folic acid na ƙarin jini da Paludrine na rigakafin zazzaɓin cizon sauro, suna aljihun jaka, ba wanda ya buɗe. Shan ruwa kuwa, wa zai matsa wa yaro a wannan sanyi? Cikin dare ciwon ƙashi ya taso. Suka kai shi asibitin kusa babu katinsa, aka tambayi rukunin jininsa suka yi tsuru-tsuru. Ni kuwa sai da gari ya waye aka kira ni. Da gari ya waye fa!

Baiwar Allah ba ta da laifi, ba a gaya mata ba ne. Haushin uban nake ji har gobe, shi da ya sani ya ja bakinsa ya yi shiru.

Yanzu ita nake kira kai tsaye, duk da ƙawayena na cewa na zubar da aji. Hoton katin asibiti yana wayarta. Na rubuta mata takarda da Hausa ta manna a bayan ƙofar ɗakinta: magani kullum, ruwan ɗumi, rigar sanyi da safa, gidan sauro. In jikinsa ya yi zafi ko idonsa ya ƙara rawaya, a wuce asibiti, ban da kemis, kuma a kira ni ko ƙarfe biyun dare ne. Maganin ma a hannunta nake danƙawa, na daina sa shi a jaka.