Alhamis, ranar da takardar kotun Nijar ta zo gidanmu

Yau ban yi niyyar zuwa ko'ina ba. Alhamis ce, kasuwar Maigatari na ci, tun asuba manyan motocin shanu ke wucewa ta bakin titi suna ƙara mana ƙura a kan ta hunturu. Na so in na taso daga makaranta in kaɗe sauran riɗin da ke jingine a bayan gida. Riɗi yana nan yadda na bar shi.

Wajen sha ɗaya aka turo yaro har aji, wai Inna na kira, an yi baƙo. Inna ba ta aike makaranta a banza, don haka na bar wa monita alli na hau mashin.

A zaure na tarar da wani dattijo, rawaninsa ya yi ja da ƙura, an ajiye masa fura bai taɓa ba. Daga wani ƙauye yake a ƙasar Dungas, tsallaken iyaka. Awaki biyu ya kawo kasuwa. Yana tsaye a tasha sai ya hango Auta, ƙanena, a kan sitiyari yana lodin Gumel, huɗu a baya biyu a gaba. Bai ce masa uffan ba. Ya tambayi ɗan kamasho inda gidansu yake, ya hau acaɓa ya zo.

Tun kafin ya gama gaisuwa na gane shi, gabana ya faɗi. Da daminar nan Auta ya kai lodi Damagaram, a hanyar dawowa ya kwashi yaron wannan dattijo yana tafe da amalanke, ƙafa ta karye wuri biyu. Jandarmomi suka riƙe shi. Kotun can ta ci shi tara, ta ce a biya kuɗin magani, ta hana shi tuƙi shekara guda, aka kuma riƙe lasin. Bijimin da muke huɗa da shi muka sayar, muka canja kuɗin zuwa sefa, aka biya, ya dawo gida.

Akwai abin da ban taɓa rubutawa a nan ba. Auta ya yi sati uku a gida yana zaman kashe wando, sai ya ce zai je ya yi rantsuwa cewa lasin ya ɓace a ba shi wani. Ni na rubuta masa takardar da Turanci, da hannuna, a kan tabarmar nan. Na san sarai inda lasin yake.

Dattijo ya zaro leda daga aljihun 'yar ciki, ya warware, ya ciro takarda mai ninki huɗu, duk Faransanci, da hatimi shuɗi a ƙasa. Ya ce, "Malam, ni ban yi lakwal ba, amma alƙali ya ce shekara guda, kuma na san shekara wata goma sha biyu ce. Yau wata biyar. Ban zo neman ko dala ba, kun biya. Ka nuna mini kotunku in kai musu, su karɓe parmin da ke hannunsa." A bakinsu lakwal makarantar boko ce, parmi kuwa lasin.

Na ce, "Baba, ya jikin yaron?" Ya ce yana takawa da sanda, mai ɗori ya sake gyara ƙafar bayan an sallame su, amma bana bai riƙe hauya ba.

Da na so, da na ce masa kotu ta tashi, ya dawo wani makon. Kunya ta hana ni. Na goya shi a mashin muka nufi gidan wani tsohon rajistaran kotu da ya yi ritaya ya koma noman zoɓo, abokin marigayi babanmu ne, Baffa muke ce masa.

Baffa ya sa tabarau ya juya takardar gaba da baya, shi ma ba ya jin Faransanci, hatimin kawai ya ƙura wa ido. Ya ce takarda dai ta gaskiya ce, amma ƙarfinta a bakin boda ya ƙare. Ya ce akwai dokar da ake rajistar hukuncin wata ƙasa a babbar kotu a nan, ɗaya ta zamanin Turawa ta 1922, ɗaya ta 1961, sai dai duk maganar kuɗi suke yi, irin wanda aka yanke wa ya biya bashi ya gudo da dukiyarsa nan. Ko a kuɗin ma an cire tara da haraji. Horo kuwa, kowace ƙasa ita ke horon mai laifi a cikin gidanta, alƙalin nan ba ya zama ɗan aiken alƙalin can, sai in gwamnatocin biyu sun zauna sun sa hannu a kan haka. Ya ce da a titin Gumel Auta ya kaɗe yaron, da kotun nan na iya hana shi tuƙi. Amma laifin da aka yi a can, aka yanke a can, to a can aka hana shi.

Dattijo ya yi shiru can, sannan ya ce, "To Alhaji, akuyata ta ƙetaro, ni na ƙetaro, motar ma da ta karya mini ɗa ta ƙetaro. Takardar alƙali ce kaɗai ba ta da ƙafa?" Baffa bai yi dariya ba. Ya ce haka abin yake, yanzu ma da Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025 sai dai a yi ta addu'a.

Abin da ya fi damuna a yau, lokacin da Baffa ke wannan bayani wani sanyi na ji a raina. Na ji daɗi. Ƙanena ya tsira, ni ma da takardar rantsuwata na tsira. Ina jin daɗin, ina kallon ƙafar dattijon nan duk faso, a cikin takalmin taya, mutumin da ya bar cinikin awakinsa a hannun dillali ya biyo mu. Har yanzu da nake rubutun nan abin bai sauka daga ƙirjina ba.

A hanya ya ce in tsaya ya yi azahar. Ina jiransa a gindin darbejiya na tura wa wani abokina saƙon murya, wanda muka yi sakandare tare, yanzu yana aikin jinya a Ailan. A Dundalk yake zaune, garin kan iyaka ne kamar Maigatari, in ka ɗan miƙa arewa ka shiga Newry, wanda ke Arewacin Ailan ƙarƙashin Birtaniya. Na tambaye shi ya suke yi da irin wannan. Ya ce ai su an daɗe da toshe ƙofar. Na duba a waya na ga haka ne: ƙasashen biyu sun sa hannu a yarjejeniya a 2015, ta fara aiki 1 ga Agusta 2017. In kotun Birtaniya ta hana mazaunin Ailan tuƙi, sai a aiko wa hukumar kiyaye haɗurra ta Ailan, ita kuma ta ɗauki maganar ta kai ƙaramar kotu ta nemi alƙalin gida ya ba da umarni, daga nan hanin ya hau kansa a can ma. Ba kowane laifi ba, sai manya: tuƙi a cikin maye, ƙin yarda a gwada numfashi, tuƙin ganganci, kaɗe mutum a gudu. Wanda ƙananan laifuka suka taru masa har makinsa ya cika, wannan bai shiga ba. Wato abin da dattijo ya zo nema, ba hauka yake ba, wasu suna yi. Ban faɗa masa ba. Me zai ƙara masa?

Na mayar da shi kasuwa da la'asar, an sayar da akuya ɗaya, ɗayar ba ta yi daraja ba. Na ba shi kuɗin mota ya ƙi karɓa. Takardar ya miƙo mini, ya ce in kai wa mahaifiyarmu, tunda kotu ba ta so.

Auta ya shigo bayan isha'i yana kaɗa makulli a yatsa, ya riga ya ji labari a tasha. Inna na zaune a bakin murhu. Ta ce, "Auta, zo nan." Ya durƙusa. Ta ce, "Da ka ce mini lasin ya ɓace, ɓacewa ya yi?" Ya dube ni. Na sunkuyar da kai. Ta ce, "Kai ma Malam, da iliminka." Iyakar abin da ta ce mini ke nan, kuma da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Ya fara kawo hujja, wai ba a ƙasar nan aka hana shi ba, wai ko Baffa ya faɗa, wai motar wani Alhaji ce kuma kullum sai ya kai balas, in ya ajiye mota me matarsa za ta ci ga ta da tsohon ciki. Gaskiya wannan na ƙarshen ba ƙarya ya yi ba, mu ma ba mu da bijimi yanzu. Inna ta miƙa hannu kawai. Ya daɗe yana kallon hannun kafin ya saka mata makullin. Ta shiga ɗaki, muka ji ƙarar murfin kwalla. Ta fito ta ce saura wata bakwai, ya je ya taya ni kaɗe riɗi, daga nan a ga abin da Allah zai yi.

Ya fita bai ci tuwo ba. Takardar tana nan cikin littafin darasina, gobe in an sauko Juma'a zan nemi wani ɗan canji a Maigatari ya karanta mini, don ban ma san abin da ke ciki ba sai abin da aka faɗa mana. Ɗazu na ji Auta a ƙofar gida yana waya da Alhaji ƙasa-ƙasa, na ji yana tambayar ko safayar makullin tana nan.