Batirin babur ɗina mai ƙafa huɗu yana tafasa: ga inda aka kwana

'Yan'uwa masu koyo, sallama. Wannan karon labarin wuta ne a kan babur ɗin nan mai ƙafa huɗu da na saya na hannu don zirga-zirgar gona, ɗan China mai inji 150cc irin wanda ake kira GY6.

Ranar Asabar ina dawowa daga gona na ji wani wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai yana tasowa daga ƙarƙashin sirdi. Da na ɗaga, batirin ya yi zafin da hannu ba ya iya daɗewa a kai, gefensa ya kumbura, kawunansa sun yi farin gari. Sai a lokacin na tuna cewa ƙwan babbar fitila biyu suka ƙone min cikin wata guda, ni kuwa ina ta ɗora wa gargadar hanya laifi. Duk wanda ya ji irin wannan wari ya kashe inji, ya kai abin sarari inda iska ke kaɗawa, kada kowa ya matso da ashana ko sigari. Batirin da caji ya yi wa yawa yana raba ruwan cikinsa ya koma iskar da ke kamawa da wuta, tartsatsi ɗaya ya ishe ta.

Lahadi na ari lafiyayyen batir, na ɗauko mitar awon wuta na juya ta kan DC 20, wato inda take auna wutar batir har bolt 20. Inji a kashe ta nuna bolt 12.6, daidai ke nan ga cikakken batir. Na tayar, a silo ta tsaya wajen 14.2, har raina ya fara kwanciya. Ina danna totur kuwa sai lambobi suka yi ta hawa, 15, 15.4, suka je suka tsaya a 15.7. Batir mai bolt 12 yana son caji tsakanin 13.5 da 14.5 ne, duk abin da ya haura 15 dafa shi ake yi. Ku lura da wannan da kyau: awon silo kaɗai zai yaudare ku, sai an ba inji wuta matsalar take nuna kanta.

A nan na yi gaggawa. Kowa ya san kwayil ne ke haifar da wuta, rektifaya kuma ta mayar da ita irin wadda batir ke sha, ta kuma rage abin da ya yi yawa. Saboda haka na yanke hukunci cewa rektifaya ta mutu, Litinin na je kasuwar Ƙofar Ruwa na sayo sabuwa mai waya biyar irin tawa. Na ɗaura, na tayar, na danna totur: 15.7, ko gezau. Gaskiya abin ya ci min rai, don kuɗin ba ƙaramin abu ba ne a wurina.

Wani dattijo mai aikin rewaya a layinmu na kai wa kuka. Bai ko taɓa rektifayar ba, ya ce, "Yaro, ka auna baƙar wayar?" Na ce, "Baba, ai ban san aikinta ba." Ya zaunar da ni ya bi min wayoyin rektifayar ɗaya bayan ɗaya. Biyu suna fitowa daga kwayil, ja tana kai caji batir, koriya tana komawa jikin firam. Ita kuwa baƙar ba ta ɗaukar caji ko kaɗan, 'yar aike ce. Daga makulli take tasowa, ita ke gaya wa rektifaya yawan wutar da ke cikin layi. In wuta ta zube a hanya kafin ta iso bakin wannan waya, rektifaya sai ta ɗauka batir bai ƙoshi ba, ta ci gaba da ɗura masa.

Ga yadda na gwada, don a nan duk aikin yake. Makulli a buɗe, fitila a kunne, na sa jan tsinken mita a kan jan kan batir, baƙin tsinken kuma na cusa shi ta bayan soket ya taɓa baƙar waya. Wannan awo yana nuna abin da ya ɓace tsakanin wuraren biyu, kuma kamata ya yi ya zama ɗan kaɗan, bai kai rabin bolt ba. Nawa ya nuna 1.3. Ku yi lissafin da kanku: rektifaya tana ganin 14.4 tana cewa komai lafiya, alhali batir yana shan 15.7. Duka biyun, tsohuwar da sabuwar, aikinsu suke yi tsakani da Allah.

Sai na bi wayar da mita gaɓa-gaɓa. Gidan fis ya ci ɗan kaɗan. Mafi yawa a soket ɗin makulli ya ɓace, can ƙarƙashin robar gaba inda ruwa da taɓo ke fantsama da damina. Da na zare shi, haƙoran tagullar sun yi kore shar, ɗaya ma ya saki yana lilo, robar gefensa ta ɗan narke. Na goge su da samfefa mai laushi har suka yi ƙyalli, na matse na macen, wato waɗanda sauran haƙoran ke shiga cikinsu, da filaya don su kama sosai, na shafa ɗan giris don hana ruwa. Tunda hannu ya riga ya ɓaci, na kwance notin da koriyar waya ke kamawa a firam, na kankare tsatsa da fenti har ƙarfe ya fito fari, domin ita ma in ta saki tana iya jawo irin wannan rikici. Rektifayar kuma na wanke busasshen taɓon da ya toshe tsakanin fikafikanta. Rarar wutar da take ragewa, zafi take zama a jikinta, kuma a zafin Kano na watan Afrilu ba ta da rarar da za a rufe mata iska.

Na sake awo. Abin da ke ɓacewa ya dawo 0.2. Na danna totur na riƙe, mita ta hau 14.5 ta tsaya cak, na kunna fitila ta ɗan sauko 14.3. Na maimaita sau uku kafin na yarda.

Tsohon batirin dai ya tafi. Rufaffe ne wanda ba a ƙara wa ruwa, kuma wanda ya kumbura ba ya dawowa, don haka zan kai wa masu sayen tsofaffin batura. Da mai murfi ne da bai kumbura ba, da tataccen ruwan batir zan ƙara masa, ba asid ba, tunda ruwa ne ya ƙone. Na mayar da tsohuwar rektifaya wurinta, ita ma 14.5 ta bayar, sabuwar na ajiye a akwatin kaya. Asabar mai zuwa in Allah ya kai mu zan je gona da mita a aljihu, in auna da isata, inji na da zafi, in ga ko gargadar hanya za ta sake sassauta soket ɗin.