Wasiƙa daga Birmingham: likitan iyali, jan littafi da ranar allura

Assalamu alaikum, iyaye da 'yan'uwa na gida.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kowa yana lafiya, manya da yara. Mu ma nan alhamdu lillahi, sai sanyi da yayyafin da ba ya sallama. Jiya na kai autata rigakafi, shekararta uku da wata huɗu. Allura biyu aka yi mata, ɗaya a kowane damtse, ta ɗan matse hawaye, ta fito tana nuna wa kowa sitikar da nas ta manna mata a riga. A cikin bas muna dawowa na tuna yadda yayanta ya fito daga wannan ɗakin shekara biyar da suka wuce, ina jan sa yana shure-shure, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannuna. Ɗakin bai canza ba, allurar ma haka. Ni ce na canza, shi ya sa na ce bari in ɗauki alƙalami.

Sai na fara da yadda abin yake a nan, don labarin ya zauna. A Ingila kusan kowa yana da asibitin unguwa da ya yi rajista da shi, wurin likitan iyali, wanda suke kira GP. Yana ƙarƙashin hukumar lafiya ta ƙasa, NHS, wadda aka kafa a 1948, kuma ba a biyan ko sisi wajen ganin likita. Maganin da aka rubuta wa yaro ɗan ƙasa da shekara 16 ma kyauta ne. Ƙaramin wuri ne, namu tsohon gida ne aka gyara, ba gado ba kwanciya. A nan ake awon jarirai, a duba hawan jini da ciwon suga, a yi rigakafi, a ga mai tari da mai ƙuraje. In ciwo ya fi ƙarfinsu su rubuta maka takarda zuwa babban asibiti, domin ba ka wanke ƙafa ka tafi wurin ƙwararren likita kai tsaye sai ta hannunsu, in ba larurar gaggawa ba.

Kada ku ɗauka aljanna ce. Ƙarfe takwas na safe za ka ɗauki waya ka ji ana ce maka kai ne na ashirin da wani abu a layi, in ka samu shiga kuma minti goma ne rabonka. Farkon zuwana har fushi nake yi, in kai yaro da mura a ce in ba shi ruwa da farasitamol in koma gida. Ni da na saba ganin likita bai yi aiki ba sai ya cika takarda da magani! Daga baya na fahimci cewa maganin kashe ƙwayoyin bakteriya ba ya taɓa mura, shan sa barkatai ma shi ke sa ya daina aiki ranar da ake bukatarsa.

Abin da ya fi burge ni shi ne ba sa mantuwa. Da an haifi jariri ake ba uwa wani ɗan littafi mai jan bango. Nauyinsa, tsawonsa, faɗin kansa, kowace allura da ranarta da lambar kwalbar da aka zuƙo ta, duk a ciki suke, kuma irinsu na cikin kwamfutar asibiti. Wajen kwana 10 zuwa 14 da haihuwa ma'aikaciyar lafiya za ta zo har gida. Tsakanin mako 6 da 8 likita ya duba jariri, idonsa da zuciyarsa da ƙugunsa, ya tambayi uwa yadda take ji a jiki da kuma a rai. Daga nan saƙonnin tuni su fara shigowa waya. Ko ba ku da irin wannan tsari inda kuke, katin yaro yana hannunku. Ku adana shi kamar takardar gida, ku ɗauki hotonsa a waya. Wata maƙwabciyata da ta zo da yara ba kati, sai da aka ɗauke su a matsayin waɗanda ba a taɓa yi wa komai ba, aka sake musu daga farko.

Allurar farko a nan ta mako 8 ce, sai mako 12, sai 16, sai shekara ɗaya, a ci gaba. Akwai wadda ta haɗa cuta shida a sirinji guda: mashaƙo, tarin shiƙa, shan inna, ciwon sarƙe haƙora, ciwon hanta nau'in B, da wata ƙwaya da ake kira Hib mai kawo sanƙarau. Akwai ta sanƙarau nau'in B, akwai kuma ɗigon baki na gudawar jarirai. Kowace ƙasa da jadawalinta, ta nan ma takan sauya shi, don haka naku shi ne wanda ke jikin katinku.

Shirin jariri ba wuya. A sa masa kaya masu saurin cirewa, don a cinya ake yi wa wanda bai kai shekara ba. A rungume shi a jiki, a ba shi nono ana cikin yi ko daf da farawa. Tun 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shawara a kan rage zafin allura, kuma abin da ke ciki kusan duk uwa ta san shi: runguma, shayarwa, kasancewar uwa ko uba a wurin. Na gwada a kan auta tana mako takwas. Ta saki nonon ta tsala ihu ɗaya, fuskar nan ta yi jajir, kafin nas ta jefa sirinji a kwandon shara ta koma ta kama abinta. Ni ce ma na fi ta daɗewa ina rawar jiki.

Wahalar tana wurin yaron da ya fara wayo, kuma a nan na yi kuskurena. Ranar da zan kai yayan nata, sai na ce masa siyayya za mu. Ya sa takalmi da murna. Da muka karya kwanar asibiti ya ja ya tsaya, ya ɗago ya kalle ni, kallon da har yau ban manta ba. Na ƙara da cewa ai ba zafi, ko kaɗan ba zai ji ba. Ya ji kuwa. Ƙarya biyu ke nan a safiya guda, daga bakin wadda ya fi yarda da ita. Ga shi dama duk lokacin da ya yi rigima nakan ce, "Ka bari ko in kai ka a yi maka allura." Ni da kaina na mayar da likita dodo, sannan na ɗauke shi na kai wa dodon. Kusan shekara guda, ko ciwon kunne yake yi sai an yi dambe kafin ya shiga ƙofar nan. Nas ɗin, wata dattijuwa mai sanyin murya, ba ta yi mini faɗa ba. Cewa ta yi kawai, "Wani karon ki gaya masa gaskiya, sukan iya ɗauka."

Da lokacin auta ya zo, sai ana gobe da yamma na zaunar da ita. Ban faɗa mata tun da mako ba, don kada ta yi ta kwana da shi a rai. Na ce, "Gobe za mu je wurin nas, za ta yi miki allura biyu don kada ƙyanda ta kama ki. Zai yi zafi kamar cizon cinnaka, kafin ki ƙirga biyar ya wuce." Ta ce za ta yi kuka. Na ce ki yi abinki, ina riƙe da ke. Muka ɗauko 'yar tsanarta muka yi mata allura da murfin biro, ita ce nas ni ce uwa. Da safe na bar ta ta zaɓi abin da za ta riƙe, da hannun da za a fara. A ɗakin na ɗora ta a cinyata tana zaune, ban kwantar da ita an danne ba, na zagaye ta da hannu, na ce ta hura iska kamar mai kashe kyandir. Ban yi ta "sannu, sannu, yi haƙuri" tun kafin a taɓa ta ba, domin yaro yana karanta fuskar uwarsa, in ya ga ta rikice ya san akwai abin tsoro. In kin san ke ce mai tsoron allura, ki bar babansu ko wata babba ta riƙe.

Akwai tambayar da ta daɗe tana cin raina kafin in yi ta, wato batun sinadarin jelatin na alade a cikin magungunan rigakafi. Gaskiya ne yana cikin wasu, kamar maganin mura da ake fesa wa yara a hanci lokacin hunturu, da ɗaya daga cikin nau'i biyu na allurar ƙyanda. Da na tambaya, nas ta zaro takardar cikin kwali muka karanta tare, ta ce akwai ta ƙyanda wadda babu shi, ta mura kuma ana iya yin ta allura a maimakon feshi. Maganar minti biyu ce, na kwashe watanni ina jin nauyin yin ta.

Jita-jita ma ba a gida kaɗai take ba. A nan ƙasar ne a 1998 wani likita, Andrew Wakefield, ya wallafa cewa allurar ƙyanda da hangum da rubela (ƙyandar Jamus) tana da alaƙa da otizim, lalurar da ke shafar magana da mu'amalar yaro. An gano binciken na maguɗi ne, a 2010 mujallar da ta buga shi ta janye shi, shi kuma aka soke sunansa daga rajistar likitoci, amma tsoron ya riga ya shiga gidaje. A ƙarshen 2023 zuwa farkon 2024 ƙyanda ta ɓarke a nan Birmingham da kewaye, har hukuma ta ayyana lamarin a matsayin na ƙasa baki ɗaya. Cuta ce da mutum ɗaya kan harba wa tara cikin goma na waɗanda ba su da kariya in sun zauna kusa da shi, ƙwayar kuma takan kai awa biyu a iskar ɗaki bayan mai ita ya fita. Lokacin nan kowace uwa a ƙofar makaranta jan littafinta take nema.

Bayan allura, wurin kan kumbura ya yi ja, jiki ya ɗan yi zafi, yaro ya yi ta ƙananan rigima kwana ɗaya ko biyu. A rage masa kaya, a yawaita nono ko ruwa, a ba da farasitamol na yara gwargwadon yadda ma'aikacin lafiya ya faɗa. Ba a ba yaro asfirin. Ta ƙyanda takan yi jinkiri, sai bayan kwana 7 zuwa 11 zazzaɓi da 'yan ƙuraje su fito, kada a ce wani sabon ciwo ne. Amma in numfashi ya yi wuya, ko fuska ta kumbura, ko yaro ya yi jijjiga, ko ya saki jiki ya ƙi shan komai, asibiti za a nufa nan take. Mura mara zazzaɓi ba ta hana rigakafi, zazzaɓi mai zafi ne ke sa a ɗaga rana. In kuma rana ta wuce saboda tafiya ko mantuwa, a je da kati, daga inda aka tsaya za a ɗora.

Auta tana nan tana wasa, hannun hagu ne kawai ba ta so a taɓa. Yayan nata kuwa, da ta nuna masa sitikar, cewa ya yi shi ba a gaya masa ba lokacin nasa. Na ba shi haƙuri, na kuma yi masa alkawarin ta gaba da za a yi musu a makaranta, shi zai fara sani.

A gaishe mini da kowa da kowa.

Taku,
'Yar'uwarku a Birmingham